Takardar da Malam Tsoho Ya Liƙe

Shekara goma sha huɗu Malam Tsoho yana tuƙa tasi a unguwar Harlem a Amurka, kuma duk takardar da ta shigo hannunsa sai ya kai an liƙe masa ita cikin roba, kamar yadda ya saba yi wa satifiket a Kano. Haka ya yi wa takardar izinin fita da dawowa da hukumar shige da fice ta ba matarsa Zuhura, lokacin da mahaifinta ya rasu can gida, ga katinta na zama bai fito ba.

Ita ba ta so tafiya ba, tana tsoron kada a hana ta dawowa. Shi ya matsa, wai zumunci ne. A ransa kuwa so yake dangi su gani da idonsu cewa matarsa tana shiga Amurka tana fita.

Ranar dawowarta yana tsaye a danja ta kira shi daga filin jirgin Abuja.

"Baban Indo, sun hana ni hawa. Ma'aikacin ya ce bai taɓa ganin irin takardar nan ba. Ogansa kuma ya ce tunda a roba take, ta yaya zai san ba ta bogi ba ce?"

"Ki ɓare robar mana!"

"Na gwada. Rubutun yana biyo ta."

Kwana uku ya rage wa'adin takardar ya cika. Lauya ya ce ba a sabunta ta daga wajen Amurka, sai dai Zuhura ta jira a can, ƙila shekaru.

Yanzu kullum shi ke kai Indo makaranta. Da Turanci take tambayarsa yaushe Mama za ta dawo, shi kuma ya ce mata "an kusa" da Hausa.