Kek Ɗin Dada Da Ko Kiyashi Ba Ya Bi

Shekaranjiya, ranar jajiberin Sallah, na fasa busasshiyar citta a turmi. Ƙamshin na dukan hancina sai na tsaya cak, taɓarya a hannu, har 'yata ta ja mini zani tana tambaya ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Amma gaskiya a lokacin hankalina ba ya Manawashi, inda nake aure. Ina can unguwar Shamaki, a tsakar gidan da aka haife ni, ina kallon bayan kakata ta sunkuya a kan tukunya.

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba. Ido kawai Allah Ya ba ni, abin da na gani ina ƙarama ba ya fita daga kaina.

Dada muke ce mata, ita ta haifi babanmu. Doguwa ce siririya, marar yawan magana. Mijinta kuwa, kakanmu, Baba Tsoho muke kiransa. A da dillalin shanu ne, da ƙafa ta gaza sai ya dawo zaman zaure, amma mutane ba su daina zuwa wurinsa ba. Mutum ne mai kunya irin ta mutanen da. Ban taɓa jin ya ce wani wuri na masa ciwo ba. Ko tuntuɓe ya yi ka ce masa sannu, sai ya ɗaure fuska kamar ka zage shi.

A unguwarmu kowace Sallah mata na yin kek da cincin, a zuba a kwanuka a ba yara su kai gida-gida. Ta nan ake gane hannun kowace mace. Namu kek ɗin Dada ce kaɗai ke yinsa, ba ta yarda ko Innarmu ta sa mata hannu, kuma bai yi kama da na kowa ba.

Tun azumi na tsakiya take fara shiri. Ta aika a karɓo tunkuza wurin mai ƙuli-ƙuli, wato gyaɗar da aka riga aka matse mata mai. Ta baza ta a faifai ta sha rana, ta ɗan soya ta sama-sama, ta daka, ta tankaɗe. Aya ma haka, a jiƙa, a niƙa, a shanya. Fulawa ba ta shiga, suga kuwa ko ƙwaya. Man shanu daga rugar 'yan uwanta yake zuwa a cikin ƙwarya. In Sallah ta faɗo a damina, ƙwan zabi take fasawa, kek ɗin ya fito da wani ja mai kyau. In a bazara ne sai na kaji, tana yi tana ƙorafin ba su da auki. Sai citta, mai yawa, da kanumfari da kirfa da ɗan masoro. Daga ƙarshe ta jiƙa 'yar kanwa ta tsiyaya a cikin nono mai tsami, ya yi kumfa, ta juye a kwaɓin. Wai shi ke sa ya tashi.

Duk wannan da azumi a bakinta take yi, ba halin ɗanɗanawa. Da hanci take awo. Ta kai fuskarta bakin ƙwarya, ta lumshe ido, ta ja numfashi. Wani lokaci ta ƙara citta, wani lokaci ta gyaɗa kai kawai.

Yashin gashi kuwa daga kwarin bayan unguwa ake ɗebo shi, wanda ruwa ya wanke. Ta zuba a gindin babbar tukunya ya yi zafi, ta jera gwangwanayen madara da ta shafe da mai, ta rufe, ta ɗora garwashi a kan murfin. Daga nan ba mai gudu a tsakar gida, wai girgiza na sa kek ya kwanta. Mukan zauna a inuwar darbejiya muna haɗiyar yawu, don wallahi ƙamshinsa har layi na biyu ana ji. Ƙamshin ne ma ke yaudarar mutane. Sai ka kai baki ka ji gardin gyaɗa, ka ji maiƙon man shanu, citta ta ɗuma maka maƙogwaro, kana ta jiran zaƙi ya iso, shiru.

Yaran unguwa kek ɗin magani suke ce masa. In an fita yawon Sallah sai ƙawayena su ce a tsallake gidanmu. Ni da Addata, yayata mace, abin na ƙona mana rai sosai. Manya ma ba su bar Dada ba. Akwai maƙwabciyarmu, matar mai shagon bakin layi, mace mai faɗin murya da son raha. Ba na manta wata jajibere da ta leƙo ta katanga, mata cike da gidanta ana kitso.

"Dada, bana ma sugan ya yi tsada ne? Turo yarinya in ɗibar miki mana. Wannan kek naki ai ko kiyashi ba ya binsa!"

Aka kwashe da dariya ta can gefe. Innarmu ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage. Dada ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta gyara garwashi da ɗan itace.

"Allah Ya saka da alheri. Haka muke yin namu."

Maganar kiyashi kuwa gaskiya ce, na gwada da kaina. Na ajiye ɓarɓashinsa a gindin katanga, suka zo suka shinshina suka kauce. Da haka sunan rowa ya bi Dada a unguwa. A gidan suna, a gidan biki, in ana zancen girki sai a kalle ta a yi murmushi. Matar da ba ta taɓa barin baƙo ya fita gidanta hannu rabbana ba. Tana ji, ba ta taɓa tankawa ba.

Sau ɗaya na ji Innarmu ta gwada. Cikin ladabi ta ce, "Dada, ko in yi wani daban saboda baƙi?" Dada ta ce, "Kwano ɗaya ake kaiwa zaure." Maganar ta mutu a nan.

Ranar Sallah in an sauko daga Idi, Baba Tsoho kan zauna a kan buzunsa cikin farar riga, zaure na ƙamshin turare. Abokai da dangi su cika wurin. Al'adarsa ce shi zai fara sa hannu a kwano, in bai ci ba ba wanda zai ci. Sai ya ɗauki ɗaya, ya yi bismillah, ya gutsura yana lumshe ido. Akwai wani amininsa ɗan kasuwa, Bakano, da kullum sai ya yi tari ya nemi ruwa.

"Malam, wannan kek ne ko yajin tsire?"

"Ci dai, yana buɗe ƙirji. Ku Kanawa alewa ta lalata muku baki."

Su yi ta dariya. Shi kuwa ya ci biyu, wani lokaci uku, cikin jama'arsa, hankalinsa kwance.

Akwai abubuwan da idona ya gani ban haɗa su ba sai daga baya. Kwanukan maƙwabta ba sa wuce ƙofar ɗakin Dada. A nan take raba mana cincin da kek masu zaƙi, ko ɗaya ba ya isa zaure. Shayin Baba Tsoho a wata 'yar buta daban take dafawa. Akwai wani gyambo a ƙafarsa da ya daɗe bai warke ba, sai ta saki labule take wanke masa. Kuma lokaci-lokaci babanmu kan ɗauke shi a babur da sassafe, a ce mana sun tafi gaisuwa.

Ina 'yar budurwa Allah Ya yi masa rasuwa, cikin damina. Dada ta yi takaba ta fita. Da Sallah ta zagayo, sai muka ji ta aiki yayanmu kasuwa ya sayo fulawa da suga. Muka kalli juna. Ta zauna a wurin da ta saba, da tukunyar nan da yashin nan, ta yi wani kek da har yau ban ci kamarsa ba. Laushi kamar auduga, zaƙi daidai, citta 'yar kaɗan a can ƙasa. Kafin la'asar kiyashi sun yi layi a bakin ɗaki.

Ba a jima da kai kwanuka ba sai ga matar mai shago ta shigo da kanta, gutsuren kek a hannu, ko mayafi ba ta gyara ba.

"Dada! Dama kin iya?"

"Na iya."

Matar ta tsaya da baki buɗe. Ta dubi Dada, ta juya ta dubi zaure, inda buzun yake a naɗe a jingine da bango. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Ta nemi turmi ta zauna a kai, mace mai surutu irin wannan, ta kasa cewa komai sai, "Allah Ya jiƙan Malam." Ta ja bakin zani tana share ido.

Da muna wanke-wanke Innarmu ta warware mini. Ashe ciwon suga ne da Baba Tsoho, tun kafin a haife ni. Likita ya hana shi zaƙi, shi kuma ya ce kada wanda ya ji a waje, ba ya son a mai da shi abin sannu. To ranar Sallah fa? In ya ƙi ci, baƙi ba za su ci ba, kuma za su tambaya. In aka ware masa nasa, za su tambaya. In ya ci na kowa, ya kwanta. Shi ne Dada ta cire sugan daga na kowa da kowa, ta cika citta don harshe ya shagala da zafi ya manta da abin da babu. Ta zaɓi a ce mata marowaciya, a ce ba ta iya ba, shekara da shekaru, da dai a ce wa mijinta sannu a gaban abokansa.

Ranar na ga wani abu kuma. A gefen tukunya akwai gwangwani ɗaya da ta yi da tunkuza, irin na da. Da gida ya yi shiru ta ɗauke shi ta zauna a bakin ƙofar zaure ta ciki, ta cinye shi ita kaɗai, a hankali.

Yanzu ni ma uwa ce. Bara 'yata, wadda ko makarantar boko ba ta daɗe da shiga ba, ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa tana ramewa. A asibiti aka ce suga ne, irin na yara, sai da allura kullum. Tun daga ranar ban ƙara samun nutsuwa ba. In ta yi shiru gabana ya faɗi, in ta cika wasa gabana ya faɗi. In ta dawo daga Islamiyya har hannunta nake shinshinawa ko wani ya ba ta alewa. Sallar bara kulle ta na yi a gida don tsoro. Ta tsaya a bakin ƙofa cikin sabon ɗinkinta, da lallenta, tana kallon ƙawayenta na wucewa. Ba ta yi kuka ba, kallo kawai. Gara ma a ce kukan ta yi.

Bana na ce ba za a sake ba. Na je wurin ma'aikaciyar jinyar da ke duba ta, na lissafa mata kayan Dada ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in rage aya, in yanka ƙanana, in kuma ci gaba da awo da allura yadda aka saba. Baban yarinyar ya ce in yi kashi biyu, nata da na baƙi, ai yanzu ba a ɓoye ciwo. Gaskiyarsa ne, mu ba mu ɓoye ba. Malamanta sun sani, maƙwabta sun sani, kuma hakan ya fi, don ko ba na kusa akwai mai lura. Amma na tuna idonta a bakin ƙofa. Yaron da ake miƙo wa nasa daga wani kwano daban ya san an ware shi, ko ba a faɗa ba. Na ce masa kwano ɗaya za a yi.

Ba ni da hancin Dada. Tandar gas na ara a maƙwabta, kashin farko ya ƙone ta ƙasa, na biyu ya ɗan kwanta a tsakiya. 'Yata na tsaye a gefena ta ce, "Umma, ba za a sa suga ba?" Na ce mata haka muke yin namu, ban ma san lokacin da maganar ta fito ba.

Jiya yara suka cika mini tabarma, an sha kwalliya. Na ajiye kwanon a tsakiya. 'Yata ta miƙa hannu tare da kowa ta ɗauka. Wani ɗan maƙwabta mai wayo ya gutsura, ya yamutsa fuska.

"Anti, kin manta ba ki sa suga ba!"

Kunya ta rufe ni, irin wadda ta rufe Innarmu a wancan lokacin. Ina neman abin faɗa sai na ji 'yata, baki cike, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Haka muke yin namu."

Yaron ya ɗaga kafaɗa ya ƙara gutsura. Ni kuwa na shige ɗaki, kada su ga fuskata.

Dada ta daɗe da rasuwa. Zauren nan an fasa shi an yi shaguna, kwarin da ake ɗebo yashi an zuba masa siminti, kek kuma yanzu a leda ake sayensa, kowanne da zaƙinsa iri ɗaya. Na san zuwa gobe za a fara cewa matar nan ta ƙarshen layi ba ta iya kek ba. Su faɗa. Da safen nan na ɗaga tabarma zan share, ga ɓarɓashi ko'ina, ban ga kiyashi ko ɗaya ba. Na daɗe a tsugune da tsintsiya a hannu ina yi wa Dada addu'a, 'yata kuma na waje tana wasa da ƙawayenta.