Farin da Ermelinda Ba Ta Gani Ba

A garin Barcelos, in kana son ganin ƙaton namiji yana gumi tun rana ba ta yi zafi ba, je ka tsaya bakin rumfar Dona Ermelinda lokacin da masunta ke kawo mata kaya. Kifin ado take saye, irin wanda ake ɗurawa a leda da ruwa, jirgin ruwa ya kai shi birnin Manaus, daga can ya wuce gidajen masu ajiye shi a akwatin gilashi suna kallo. Tana da wani farin kwanon samira da bakinsa ya cinye. A ciki take ɗebo kifi, ta ɗaga shi wajen haske, ta duba fiffike, ta duba jela, sannan ta tsura wa ido ido. Mai kaya kuwa yana tsaye yana murza hula kamar wanda aka kai gaban alƙali.

Ba a haife ta da zargi ba, duniya ce ta koya mata. Ubanta masunci ne, kuma tana yarinya ta sha ganin masu saye suna ce masa rabin kifinsa ya mutu a hanya, ba wanda ya taɓa nuna masa gawa. Mijinta ya tafi haƙar zinariya, ya ce kafin bikin Ista zai dawo, har yau Istar ba ta zo ba. Tun daga nan ta daina yarda da baki. Gishiri ma sai ta murza shi a tafin hannu ko an haɗa da yashi. In ka ce mata ana ruwa a waje, wallahi sai ta miƙa hannu ta taga.

Mutum ɗaya ne kifinsa bai taɓa shiga farin kwanon nan ba, Seu Otacilio, wani dattijo da ke zaune can sama a bakin wani rafi. Shi ya riƙe 'yarta ranar baftisma, tun daga ranar suke kiran juna kumpadre da kumadre. Wannan zumunci kuwa da kunya yake tafe. Ba a wasan banza, ba a musu, ba a tsura wa juna ido. In ya zo sai ya ajiye robobinsa, ta miƙa masa kofi tana kallon ƙasa, ya sha yana kallon kogi. Sana'arsa kamun disko ce, kifin nan mai faɗi kamar faifai, mai saurin tsorata, wanda ake ɗagowa ɗaya-ɗaya da lallausar koma. Duk kogin an san babu mai hannun Otacilio.

To, a daminar da nake ba ku labari sai abu ya lalace. Ya kawo kaya, ta juye a tankunan da ke ƙarƙashin gidanta na katako da aka ɗora kan dirkoki, bayan 'yan kwanaki ta ga wani fari-fari ya hau idon kifi huɗu ko biyar, kamar an ɗiga musu madara. Ta ce wataƙila wahalar hanya ce. Ta ware su, ta rage rabin ruwan ta ƙara na kogi mai duhu kamar shayi, don na rijiya ba ya yi musu. Ta narkar da gishiri cikin tafi, ta ɗiga shuɗin magani, ta jefa busassun ganyaye, ta rufe tankin da buhu don su samu duhu, ta hana su abinci. Waɗanda abin bai yi zurfi ba suka washe. Biyu idonsu ya kumbura ya fashe, kuma mutanen Manaus ba sa karɓar kifi mai ido ɗaya ko a kyauta.

Kaya na biyu ma haka, har ya fi. A na uku ne Ermelinda ta zauna kan kujerarta ta ce ruwa ba ya tsami banza.

Ta fara harhaɗa abubuwa, aikin da ta fi kowa iyawa. Kumpadre ya fara sa baƙin tabarau. Mutumin da ko takalmi ba ya so, me ya haɗa shi da tabarau, in ba ya kasa haɗa fuska da ita ba? Ranar kasuwa kuma ta ɗaga masa hannu daga rumfar mai garin rogo, ya wuce ta kamar bai taɓa saninta ba. Ga shi yanzu ba ya zama, yana shan kofi sai ya miƙe. Biri fa ya yi kama da mutum. Abu ɗaya ta sani da ke kawo kifi da yawa ba wahala ya kuma ɓata shi, saiwar timbo, wadda ake dakawa a zuba a rafi kifi ya bugu ya taso. Duk wanda aka sani da wannan aiki, ba mai ƙara sayen kayansa a Barcelos.

Abin ya ci ta ƙwarai. Da wani ne ya cuce ta da ta yi masa tas ta huta, amma shi, mutum ɗaya tak da ta cire daga zargi? Sai ta ji kamar duk shekarun nan dariya yake mata. Da wannan zafin ta je shan kofi wajen Filomena, mai tuyar wainar rogo a bakin tashar jirgi.

Filomena ta ce, "Ke kuma lafiya, fuska kamar an aiko miki da mutuwa? Ko yau gishirin ne aka haɗa da yashi?"

"Bar ni, 'yar'uwa. Kifin kumpadre ne ke makancewa a hannuna."

"Otacilio? Haba dai! Ai shi waliyyinki ne."

"Waliyyin da ya koyi dakan saiwa."

Filomena ta saki cokali. "Kin gani da idonki?"

"Idon kifin ya gaya mini."

Magana zarar bunu ce. Filomena kuwa, Allah ya yi ta, ba ta iya riƙe ko tari. Kafin jirgin Manaus ya tashi har masu dako sun ji. Da Otacilio ya sake saukowa, masuntan da ke gaishe shi suka juya masa ƙeya, mai sayar da fetur ya ce ya ƙare. Ermelinda ta rufe ƙofa, tana jinsa yana kira, "Kumadre! Kumadre, kina ciki?" ta ƙi buɗewa har ya kwashe robobinsa.

Amma mai zargi ba ya samun barci sai ya kama da hannu, ta kuwa fara zargin zargin nata. Ta ɗauki hayar kwale-kwale mai inji da mai tuƙinsa da safe, ba ta gaya wa kowa inda za ta ba. Da suka kusa rafin ta sa a kashe injin, suka shiga da tuƙi a hankali. Tana ta baza hanci ko za ta ji ɗacin saiwa, tana leƙen gefen ruwa ko za ta ga matattun ƙananan kifi suna yawo. Ba ta ga ko ɗaya ba. Ta ce a ranta tsohon ya iya ɓoye sawu.

Can ta hango shi cikin ruwa har ƙirji, ya kewaye wani tarin rassa da taru mai kaushi, irin na kamun kifin miya. Komar nan tasa mai laushi tana rataye a reshe, ta bushe ƙayau. Ya ja tarun ya matse, kifaye suna ta dukan raga da fuska, shi kuma yana lalube da hannu biyu, ya damƙo ɗaya ya shafa shi da yatsa don ya ji faɗinsa. Kwale-kwalenta ya matso har inuwarsa ta faɗa kansa, bai ɗago ba. Tabaran yana kan hularsa a bakin gaɓa.

Ta ce, "Kumpadre."

Ya firgita ya juyo, amma sai ya fuskanci wata bishiya da ke hagunta. Karo na farko tun ranar baftisma Ermelinda ta dubi fuskarsa sosai. Wata farar yanar ido ta rufe masa na dama fat, na hagu ma ta ci rabinsa.

"Kumadre? Ke ce? Me ya kawo ki dajin nan?"

Da ƙyar ta ce, "Tun yaushe?"

Ya saki kifin da ke hannunsa cikin roba. "Tun bara ya fara. Rafin ba ya ba ni wahala, ƙafata ta san shi. Kifin ne ba na gani in sa masa koma. Na san ragar tana kurje musu ido, na yi ta cewa wataƙila wannan karon ba za ta kurje ba."

"Shi ne ba za ka faɗa mini ba? Ni? Ka san abin da ake cewa a kanka a gari?"

"Na sani. Na kuma san bakin da ya fito." Bai faɗa da zafi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona ta. "Ki bar su, kumadre, don girman Allah. Mai guba ana zaginsa ne kawai. Makaho kuwa, ranar da 'yata ta ji, za ta zo ta sayar da kwale-kwalen nan ta kai ni Manaus, ta zaunar da ni a bene ina jin ƙarar motoci har in mutu. An sa sunana wajen likitocin da ke zuwa a jirgi suna cire yanar ido, an ce sai rani. In kai rani a rafina, shi ke nan roƙona."

Mai tuƙi ya mayar da ita gida. Kunya ta ishe ta. Ita da ke gano ɗigon fari a idon da bai kai ƙwayar wake ba, mutum ya yi shekara yana shan kofi a ƙofarta yana makancewa ba ta gani ba. Yanzu in ta faɗi gaskiya ta raba shi da rafinsa, in ta yi shiru ta bar shi da sunan da ita ta liƙa masa.

Ranar kasuwa ta tafi rumfar Filomena daidai lokacin da masunta suka cika benci, ta ɗaga murya yadda har masu dako za su ji.

"Maganar da na yi a kan kumpadre, ƙarya na yi masa. Laifina ne. Ruwan rijiya na zuba wa kifin, ƙiwa ta hana ni ɗebo na kogi."

Sai dariya ta ɓarke. Wani masunci da ta taɓa mayar wa da kaya sau ba adadi ya buga cinya. "Dona Ermelinda da ruwan rijiya! Kuskuren da ko sabon shiga ba ya yi! A kawo farin kwano mu duba idonta!"

Filomena ta ce, "Ashe dai ke ma 'yar Adam ce."

Ta shanye, ta biya kofinta ta tafi. Daga ranar kwarjininta ya ragu, masunta suka fara yi mata musu a gaban kwanon, har yau kuma in tankin wani ya lalace sai a ce ya yi na Ermelinda.

Da Otacilio ya sauko, mai fetur ya samu fetur. Ta karɓi kayansa duka, ta riga ta tanadi gishiri da shuɗin magani da buhu. Waɗanda suka washe suka tafi Manaus, masu ido ɗaya ta zuba su a wani tanki a bayan gida tana ciyar da su, ba na sayarwa ba. Ta zuba masa kofi. Ya miƙo hannu can gefe, inda babu kofi. Ta kama hannun ta ɗora shi a kan kofin, tana kallon fuskarsa.