Keken Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka har gemu ya fara fito mini ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In dole ta kama shi sai ya ce "yaron nan", ko "na wajen Iya", don kakata ce ta riƙe ni tun da aka yaye ni. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma haka kowa yake da ɗansa na fari a ƙauyenmu, can cikin fadamar Kirikasamma. Ciwon shan inna ya shanye mini ƙafar hagu ina ƙarami, amma ko wannan bai sa ya taɓa tambayata yaya ƙafa ba. Iyakarsa ya aiko da bandar tarwaɗa gidan Iya, ya ce a ba mutanen gida.

Ana dab da tafiyar Turawa na samu shiga jami'a can kudu. Karatun bai gagare ni ba, tafiyar ce ta gagare ni. Daga ɗakin kwana zuwa aji hawa ne da gangara, ga ruwan sama da ba ya jin bari, ga takalmin ƙarfe da ke cin cinyata har ta yi gyambo. Kafin in ja sandata in isa, malami ya yi nisa. Ƙarshen shekara aka gaya mini ba ɓoye-ɓoye: in na ci gaba da rasa darasi haka, sai dai in tattara kayana in koma gida. Mafita ɗaya ce, keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, shi kuwa ya fi ƙarfin gidanmu ko da an sayar da kwalekwale da taru duka.

Da na dawo hutu na kai kukana ofishin da ke biya mini makaranta a Haɗeja. Suka ce in zo da mahaifina ya ba da shaida. A al'ada baffana ke tsaya mini a irin wannan, amma ya tafi su can Chadi tun bazara. Ban iya faɗa wa Baba da bakina ba, Iya na tura. Ranar da aka sa, ruwa ya cika fadama har ya shanye hanya, sai Baba ya zo da kwalekwale ya ɗauke ni. Duk tafiyar abin da ya ce kawai shi ne, "A zauna tsakiya," kuma ruwa yake kallo da ya faɗa.

A ofis muka tarar da wani Bature sabon zuwa, da wani dattijo mai rawani da ke masa tafinta. Baba ya tuɓe takalmi a ƙofa ya durƙusa. Ni ƙarfen ba ya lanƙwasuwa, sai na tsaya ƙiƙam bisa kan manya kamar wanda bai sami tarbiyya ba. Tun daga nan kunya ta fara cina.

Bature ya sa aka tambayi Baba ko ni ɗansa ne.

Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron gidanmu ne."

Aka ce ya faɗi sunana. Ya ci gaba da kallon ƙasa. Dattijon ya yi gyaran murya ya faɗi sunan da kansa, Bature ya ce ba shi ya tambaya ba. Sai aka koma kan ƙafa, aka ce yaya lafiyar yaron.

"Lafiya lau, alhamdu lillahi," in ji Baba. "Ba abin da ya rasa."

To me kuma zai ce? Uba ya zauna gaban mutane yana lissafa ciwon ɗansa na fari? Amma ni na ji amsar Baturen tun kafin a juya ta Hausa. Cewa ya yi mutumin nan ko sunan yaron bai sani ba, wataƙila uban aro ne, in kuwa uban gaske ne, ai ya ce ba abin da ya rasa. Dattijon ya yi ƙoƙari, ya ce al'ada ce. Bature ya ce shi ba zai rubuta al'ada a wurin shaida ba, ya ajiye alƙalami. Ina da Turancin da zan yi masa bayani, har ya yi yawa. Amma yaya zan tsaya gaban Baba ina warware wa baƙo kunyarsa kamar wata cuta? Ina ji ina gani keken yana kuɓuce mini.

Ni mutum ne mai zuciya, Iya ta sha faɗa mini. Zuciyar kuwa ta ɗebe ni. Na yar da sanda, na zube a ƙasa, na naɗe wando har cinya, na kwance maɗauran fata na zare ƙarfen. Ƙafar ta fito siririya kamar muciya, ga gyambon ya jiƙa tsumma, har warinsa ya tashi a ɗakin. Rabon Baba da ganin ƙafar nan tun ina jan gindi a tsakar gida. Na ce da Hausa, don shi ma ya ji, "Ga abin da ban rasa ba."

Wallahi kafin in rufe baki na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya ɗago kai ya dubi ƙafar. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya zare mayafin da ke kafaɗarsa, ya matso da gwiwa ya rufe mini ita. Ya juya wajen dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗana ne. Shi ne na fari." Sai ya faɗi sunana. "Ba ya iya tafiya mai nisa. A taimaka masa."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Baturen ma bai jira fassara ba, ya ɗauki alƙalaminsa.

Muka kama hanyar komawa. Na zauna tsakiyar kwalekwale da mayafin a cinyata, na kasa ɗaga ido in dubi ko bayan Baba. Da muka isa mashigi, Iya na tsaye tana jira, ta tambaya yaya aka yi. Baba ya gama ɗaure kwalekwale tukuna, sannan ya ce, "Sun ce za su ba yaron nan."

An ba ni keken, kuma da shi na gama karatu. Abokaina suna yaba shi, wasu har roƙo suke in bar su su ɗana, ni kuwa ban taɓa gaya wa kowa yadda aka yi na same shi ba. Mayafin yana wajena, Baba bai taɓa tambayarsa ba. Bai sake kiran sunana ba har ya rasu.