Harshen Goggo da Idanun Manaja

Shekara ashirin da takwas Goggo ta yi a kamfanin haɗa abincin kaji, kuma a duk tsawon shekarun nan babu buhun da ya fita ƙofa bai bi ta bakinta ba. Akwai ɗakin gwaji a kamfanin, da na'urori da masu farar riga, amma su sai sun kwana uku kafin su ce uffan. Ita kuwa ta ɗebo a tafin hannu, ta watsa a baki, ta lumshe ido, sai ka ji, "Masarar nan ta sha danshi a sito," ko, "Waken suyan nan bai gasu ba." Bayan kwana uku takarda ta fito tana maimaita maganarta. Har an ce wata rana ta ɗanɗana wani haɗi ta faɗi direban da ya kawo masarar. Wannan kam masu faɗa ma ba sa rantsewa, amma daga nan sunan Goggo Mai Harshe ya bi ta.

Da ta yi ritaya, maigida ya riga ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai ta ɗauko wani muzuru ja ta sa masa suna Manaja, wai don halinsu ɗaya da tsohon manajanta: a ci, a kwanta, a harari mutane. Ƙanwarta tela, wadda ke zaune a ɗakin ƙasa, ta ce ko 'ya'yan cikinta Goggo ba ta yi wa wannan rawar jiki ba.

Ranar da ta je sayen abincin kyanwa, mai kanti bai manta ba har yau. Ta sa ya buɗe mata kala biyar. Yana tsammanin shinshinawa za ta yi, sai ya ga ta watsa a baki tana tauna, ƙurus-ƙurus.

"Hajiya! Na kyanwa ne fa!"

"To da na ce na raƙumi ne? Miƙo wancan."

Huɗu ta tofar, ta ce ƙarni kamar an wanke kwanon mahauta. Na biyar, wani ƙaton buhu mai hoton kifi yana murmushi, shi ya sa ta lumshe ido. Gashi ya yi daidai, babu danshi, ga ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshe. Ta ce, "Wanda ya haɗa wannan ya san aikinsa." Bayan buhun kuwa, inda aka jera rubutu ƙanana kamar sahun tururuwa, ko kallo bai ishe ta ba. Takarda ai ita ke bin harshenta, ba harshenta ke bin takarda ba.

Shekara biyu Manaja na ci. Ya yi ƙiba har ya koma matashin kai mai wutsiya. Kowace safiya sai ta ɗaga shi ta jijjiga a hannu, yadda ake auna kaza, ta kira ƙanwarta ta zo ta ga albarka.

Sai wata hantsi, suna zaune, Manaja ya yi tsalle zai hau tagar da kullum yake shan rana, ya daki bango, tim! Washegari ya yi karo da ƙafar tebur. Tela ta ajiye ɗinkinta ta tallafo fuskarsa. Rana tsaka, amma baƙin idonsa a buɗe yake wangam.

"Yaya, Manajan nan naki ba ya gani."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Amma nan take Goggo ta cusa shi a kwando. Ta ɗauki buhun ma, don likita ta ga irin gatan da ake yi masa.

Likitar dabbobi ta haska masa ido da 'yar fitila, ta saurari ƙirjinsa. Sannan ta tambayi abin da yake ci. Goggo ta dire buhu a kan tebur tana gyara mayafi. Likita ko kallon kifin ba ta yi ba, ta juya bayan ta fara karantawa.

"Masara. Waken suya. Dusar alkama..."

"Man ja kaɗan, garin ƙashi, gishiri," in ji Goggo, ba ta ma san ta faɗa ba.

Likita ta ɗago. "Mama, kin karanta ke nan?"

Goggo ta girgiza kai. Ba ta karanta ba. Haddacewa ta yi, tun kafin a haifi likitar. Haɗin da ake ba kajin nama ne a makonninsu na ƙarshe, wanda ita da kanta ta sa wa hannu sau dubu.

Tela ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Yaya, ashe kaza mai gashin baki kike kiwo!"

"To kifin fa?" in ji Goggo da wata 'yar murya. "Ga shi nan a gaba yana dariya."

Likita ta kai yatsa can ƙarshen layi. "Ga shi. Ƙamshin kifi. Fesa shi ake yi a sama don ya yarda ya ci. Mama, abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a buhu. Kyanwa kuma nama aka halitta mata. Akwai wani sinadari a nama da ake ce wa taurin, in babu shi ido yake fara mutuwa, zuciya ta bi baya. Nan ko sunansa babu."

"Amma na ɗanɗana! Har da zaƙinsa."

"Kyanwa ba ta jin zaƙi ko kaɗan. Ke kaɗai kika ji."

Goggo ta lalubi kujera ta zauna. Can ta ce, kamar da kanta take, "Mu sati shida muke so kaza ta yi, ta yi nauyi, a kwashe. Ba wanda ya taɓa tambayar idonta." Ta dubi kwandon. "Zai sake gani?"

"Abin da ya tafi ya tafi. Amma akwai saura, musamman na hagu. In an canza abinci yau, aka haɗa da maganin da zan ba ki, za mu iya riƙe shi."

Daga can kanti suka wuce. Goggo, wadda ta rantse tabarau na tsofaffi ne, ta fizge na ƙanwarta na zura allura ta maƙala a hanci. Buhu-buhu ta bi tana juya bayansu, tana karantawa da ƙarfi kamar mai kiran sunayen 'yan aji, har ta samu wanda ya fara da naman kaza, ga sinadarin nan taurin a rubuce, ga shaidar cewa cikakken abinci ne. Hali zanen dutse, sai da ta jefa ƙwaya ɗaya a baki. Fuskarta ta yamutse, hawaye ya fito.

"Wannan ne na farkon da kika tofar, Hajiya," in ji mai kanti.

"Na gane shi. Ɗauko."

Wata huɗu bayan nan likita ta sake haskawa ta ce na hagu ya tsaya inda yake. Goggo ta sa kujera 'yar tsugunno a ƙarƙashin taga, Manaja na hawa a mataki biyu, ya rage tumbi, hararar ma ta dawo, da ido ɗaya. Kuma an kafa doka a ɗakin: ba mai matsar da ko tsinke daga inda yake, don kada Manaja ya yi karo. Ranar da tela ta ja tebur taku ɗaya don ta shimfiɗa yadi, har bakin titi aka jiyo Goggo.