Miyar Gidan Taubashina

Shekarar da aka rufe boda, motocin Nijar suka daina shigowa kasuwar Babura, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci. A cikinta kuma ciwona ya zo ya ƙi tafiya.

Tun ina saurayi nake da shi. Da gero ya fitar da kai ya fara fure, sai atishawa ta kama ni, idanu su yi ja, hanci ya yi ta zuba. Bayan mako uku ko huɗu sai ya wuce. A wannan shekara fure ya kaɗe, aka yi girbi, ni ban warke ba. Sai ma borin jini da ya ƙaru. Jikina ya yi rudu-rudu, kai ya sara, zuciya ta riƙa bugu kamar na yi gudu.

Mu biyar muke ciyayya a ƙofar gidana bayan magariba. Kowa a fito masa da kwanonsa, a jera a tsakiyar tabarma, a ci wannan a koma wancan. Mun fi shekara ashirin a haka. Cikinmu akwai taubashina, ɗan kawuna, wanda bai taɓa kirana da sunana ba sai “ɗan mace”. Matarsa daddawa take yi ta sayarwa, kuma duk ƙauyen an san hannunta. Kwanon gidansa muke bari a ƙarshe don daɗinsa.

A ajinmu akwai wani tsohon direba mai ciwon suga. Ya ce tun da ya rage tuwo da fura ya ji sauƙi. Ya dube ni ina susa ya ce, “Malam, tuwo ne ciwonka. Bar hatsi, kama nama da kifi da nono.” Shi dai abin ya yi masa amfani, kuma da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na ɗauka.

To, naman talaka mene ne? Busasshen kifi, nono mai tsami, da miya mai daddawa. Su na kama. A ciyayya sai in riƙa kwasar miya ina barin tuwo.

“Ku dubi ɗan mace,” in ji taubashina. “Ya shanye miya ya bar mu da gaya. Gobe in zo maka da ludayi, ko ka fi son mazubi?”

“Kawo tulu,” na ce. Aka yi dariya.

Wata biyu ina haka. Na rame har wandona ya daina zama, borin kuma ya ninka. Na sha saɓara, na sha rubutu, na sha ƙwayar mura har na riƙa gyangyaɗi a aji. Akwai ranar da na zauna a bayan rumbu ina kankare hannuna da ɓawon rake har ya yi jini, ina roƙon Allah ya nuna mini abin da na ci, ko da ruwa ne in bar shi.

Daga baya na je asibiti a Kazaure. Wata likita ta saurare ni har na gama. Ta tambaya ko na iya rubutu. Na ce ina koyo. Ta ce in rubuta duk abin da na ci, da abin da ya biyo baya, in dawo bayan wata ɗaya. Ba ni da wani littafi sai na aji, sai na juya shi na fara daga baya. Layi ɗaya yakan ɗauke ni tsawon shan shayi. Na rubuta gaskiya yadda na iya: kifi, bori. Ɗumamen miya, ciwon kai. Miyar gidan taubashi, bori mai yawa. Wannan layin ya fito sau shida.

Da na koma ta karanta, ta ce akwai wani abu da ake kira histamin. Jiki yana fitar da shi lokacin furen gero, kuma yana taruwa a abincin da ya kwana, ko ya yi tsami, ko aka ajiye shi ya daɗe. Ta ce wataƙila jikina ba ya iya kawar da shi da sauri, amma ba ta yanke ba tukuna. In koma tuwona, in ci abin da aka dafa yanzu, in bar daddawa da busasshen kifi da nono mai tsami mu gani. Ashe abin da na bari bai yi mini komai ba, abin da na kama shi ke cina.

Na dawo da murna, ban san abin da ya riga ni gida ba. Kwana biyu kafin nan malaminmu ya sa mun yi musayar littattafai don koyon karatu. Wanda ya karɓi nawa ya buɗe ta baya. Bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa a kasuwa: na rubuta sau shida cewa miyar gidan taubashina ce ke tayar mini da ciwo. Kafin Juma'a magana ta zama cewa matarsa tana zuba mini wani abu. Mata suka daina aike sayen daddawarta.

Na je har zaurensa na yi bayani. Na ce kalwa ce kawai da ta ruɓa yadda ya kamata, tata ta fi ta kowa nuna, shi ya sa. Ya saurara yana kallon ƙasa.

“Shekara ashirin kana ci,” ya ce. “Sai bana?”

“Sai bana. Ni ma ban san dalili ba.”

“To, Allah ya sawwaƙe, Malam.”

Tun muna yara bai taɓa ce mini Malam ba.

Da magariba ya fito da kwanonsa ya ajiye shi gefe, nesa da ni. Na rasa abin yi. Na ga in ban ci ba na tabbatar da maganar mutane. Sai na jawo kwanon, na yi bismilla, na ci a gabansu, loma bayan loma, har na suɗe hannu. Na ce a raina ko me zai zo ya bari sai na shiga ɗaki.

Bai bari ba. Kafin a kira isha leɓena ya kumbura, wuyana ya yi rudu-rudu, numfashina ya koma shaƙa-shaƙa. Masu wucewa masallaci suka tsaya suna kallo. Taubashina ne ya ɗora ni a babur ya kai ni wurin mai allura, ya tsaya har numfashina ya dawo. Sannan ya maido ni gida. Washegari kwanonsa bai fito ba, kuma bai sake fitowa ba.

Yanzu ina cin tuwo da miyar da matata ke yi mini daban, ba daddawa. Borin ya ragu, sai lokacin fure. Na rubuta wa taubashina takarda da hannuna, shafi guda, kwana huɗu ina yi. Shi bai iya karatu ba, kuma ya ƙi ba kowa ya karanta masa. Muna gaisawa a masallaci. Yakan tambayi jikina da ladabi.

Ga abin da ya tafi. Wata uku na tuwon da na hana kaina a banza. Rabin masu sayen daddawar baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba. Kwano ɗaya daga cikin biyar. Da mutum ɗaya mai ce mini ɗan mace.