Barmo na Belbeji, Wanda Ya Fara Sha

Kullum kafin rana ta ɗaga, Barmo yakan fito bakin rijiyar Belbeji da tsohon buzunsa a kafaɗa, ya shimfiɗa a gindin aduwa, ya jawo salkunan da mutane suka aje masa. Ɗinkin salka yake yi yanzu. Sai ya hura ta, ya kara kunne ya gano inda take yoyo, sannan ya kama basilla da yatsun nan nasa da ba su da farce ko ɗaya. Matan da ke jan ruwa suna tsokanarsa, wai kafin ya gama ɗinki ɗaya damina ta faɗi, shi kuwa ya ce salkar da ya ɗinka ba ta taɓa dawo masa ba. Wannan dai gaskiya ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk cikinsu babu wadda ta san yadda aka yi ya rasa faratan nan.

Bana, 1928, ya aje akala, gwiwa ta ƙi. Tun da hanyar Abzin ta lafa bayan yaƙi yake jan raƙuman Nasaru masu ɗaukar hoto, daga Tanut zuwa duwatsun arewa. Da farko mutanen Damargu hauka suka ɗauki abin. Mutum ya bar ƙasarsu, ya sha wuyar hamada, ba don gishiri ba, ba don dabino ba, sai don ya kafa akwati mai ƙafa uku a gaban dutse, ya lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, ya yi ta jiran rana ta karkata yadda yake so, sai ka ce dutsen gudu zai yi. Barmo ma ya yi dariyarsa, amma ya riƙe aikin da gaske. A jikin farantan gilashi hoton ke kamuwa, gilashi kuwa ba ya shiri da tafiyar raƙumi. Shi ke naɗe su da auduga da kaba, ya ɗora wa taguwar da ta fi taushin taku. Inda hawa ya gagari raƙumi wajen dutsen Bagazam, ya ɗauki akwatin a ka ya hau da ƙafa.

Amma ba don wannan nake jinjina masa ba. Don abin da ya faru a Ruwan Tsaga ne, kuma daga bakin mutum biyu da suka gani da idonsu na ji shi: Ila mutumin Tenhiya, da madugu Manzo na Damagaram.

Ruwan Tsaga ɗan rami ne a cikin dutse, faɗinsa bai wuce ɗakin soro ba, ruwa na tsattsafowa a hankali daga wata tsaga ya taru a ciki. Da rani, duk wannan yankin babu wani ruwa sai shi. A nan Barmo da Ila suka sauka da wani Nasara da suke kira Mai Akwati. A cikin tanti yake wanke farantansa, cikin tasoshi, da wani magani da aka zana ƙoƙon kan mutum a jikin kwalbarsa, alamar guba. Idan ya gama, Barmo ne ke haƙa rami nesa, ya juye ruwan, ya danne da duwatsu. Bai taɓa bar wa kowa wannan aikin ba.

Ran nan da hantsi Mai Akwati ya leƙo daga tanti ya ga gajimare ya zauna a kan dutsen, abin da ya daɗe yana jira. Ya fito da gudu, ko hula bai sa ba. Barmo ya sunkuci akwati ya bi shi, suka bar tasoshin a cike.

Ila dattijo ne mai tsabta, amma wannan ce fitarsa ta farko zuwa arewa, kuma ba wanda ya gaya masa kome. Ya taso a inda sai bijimi ya ja igiya ya yi nisa kafin guga ya leƙo bakin rijiya. A Damargu ba a zubar da ruwa a ƙasa. Abin da ya rage a mayar da shi komin dabbobi, na baya ya amfana. Ila ya shiga tanti ya ga ruwa garau a tasoshi, ya yi tsaki don ɓarnar Nasara, ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin ramin.

Da suka sauko daga dutse, wata Buzuwa suka tarar, Raishatu, wadda rugarsu ke bayan tudu. Tana tsaye da goyo, awakinta biyu kwance a bakin ruwa, ƙafafu a sandare, kumfa a baki. Ba kuka take yi ba, kallonsu kawai take. Barmo ya dubi awakin, ya dubi tasoshin da aka wanke aka kife a rana.

"Ila, ina ruwan da ke cikin nan?"

"Na mayar, Yaya Barmo. Zubarwa za a yi?"

Mai Akwati ya zauna a ƙasa daɓas, fuskarsa ta yi fari fat. Cikin Hausarsa ta koyo ya ce a ɗaure kaya, idan sun isa Agadas zai gaya wa kumandan, shugaban sojan Nasara, ya aiko a tsare wurin.

Barmo ya ce, "Kafin kumandan ya aiko, wa zai gaya wa wanda zai zo gobe?"

Ila ya ce shi ya zuba, shi zai tsaya ya kwashe.

Barmo ya ce, "Ni zan tsaya. Ba ka jin Buzanci. In suka zo maka da takobi, me za ka ce musu? Kama akala. Hanyar Agadas a fili take, bi kashin raƙuma."

Haka aka yi. Mai Akwati ya bar masa bokitin ƙarfe da salka guda, ayarinsu ya wuce.

Jama'a, ku tsaya ku duba wannan aiki. Mutum ɗaya, da bokiti ɗaya, ya shiga ruwan da ya kashe awaki nan take, ya ɗebo, ya gangara da shi can cikin rairayi inda dabba ba ta bi, ya juye, ya binne, ya hawo, ya sake. Raishatu ta ɗaure sauran dabbobinta nesa, tana kawo masa ɗan nonon akuya ɗaya da ta rage mata mai shayarwa. Hannunsa dama a tsage yake saboda igiya, maganin ya samu hanya. Fata ta saɓule, farata suka yi baƙi suka fara faɗuwa. Da ya kai ƙasan ramin ya goge dutsen da yashi da toka, ya jira sabon ruwa ya taru, ya sake kwashe shi. Kwanaki ya yi yana wannan, shi kansa bai san ko nawa ba ne.

Ruwan yana taruwa karo na uku sai ga ayarin gishiri na madugu Manzo, salkunansu sun bushe ƙayau. Raƙuma suka ji ƙanshin ruwa suka fara fizgar akala. Barmo ya tsaya a bakin mashigar ya buɗe hannuwa.

Manzo ya zare takobi. "Bawan Allah, kauce."

"Madugu, saurara tukuna." Barmo ya nuna masa hannuwansa, ya nuna masa fatun awakin nan biyu, ya faɗa masa kome, bai dai ambaci sunan Ila ba.

Manzo ya dubi mutanensa da raƙumansa. Komawa baya ba ta yiwuwa, ruwa na gaba kuma ƙarfinsu ba zai kai ba. Ga ruwa a gabansu garau, amma wanda ya kashe awakin ma ai garau yake. Sai ɗaya daga cikin mutanensa ya ce a kawo akuyar matar nan a gwada. Raishatu ta rungume wuyan akuyarta. Nononta ya ƙafe tun tsakiyar rani, da wannan akuyar goyonta ke rayuwa.

Barmo ya ce, "An riga an kashe mata biyu."

Manzo ya ce, "To, raƙumin wa za a ba?"

Barmo ya karɓi ƙoƙo a hannun Raishatu, ya durƙusa, ya cika shi, ya yi bisimilla, ya shanye. Ya sake cikawa ya shanye. Ya je ya zauna a kan wani dutse inda kowa zai gan shi, ya ce, "Ku jira zuwa azahar. In na faɗi, kada ku tsaya haƙa mini rami, ku zubar da gishirin ku kora raƙuma gabas, wataƙila wasu su kai."

Manyan mutane masu gemu, leɓɓa a tsage, suka zauna suna kallon bakin mutum ɗaya ko kumfa za ta fito. In ya yi tari, sai ka ga an zabura. Manzo ya ce bai san lokacin da ya yar da takobi ya warware rawaninsa ya riƙe masa inuwa ba. Inuwar dutse ta yi ta raguwa har ta shige ƙarƙashinsa. Sai Barmo ya miƙe, ya dubi rana, ya ce azahar ta yi, a ba shi ruwa ya yi alwala. Manzo ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin ƙartai suna kuka suna shan ruwa a lokaci guda ba sai ran nan.

Barmo, kai ne ka tsaya lokacin da tafiya ta fi sauƙi, kuma babu wanda zai zarge ka. Kai ne ka ƙi a gwada da abincin jaririn da ko sunansa ba ka sani ba. Kai ne ka rufa wa Ila asiri har sai da shi da kansa ya buɗe baki. Na ga hoton Ruwan Tsaga a rataye a wani ofishi a Damagaram, dutse da gajimare da ruwa kwance lumui, kyakkyawa ƙwarai, ba mutum ko ɗaya a ciki. Na tsaya a gabansa raina ya ɓaci. Sarkin akala, mun gode. Allah Ya shayar da kai ranar da ƙishi ya fi na Abzin.

Ku kuma matasan da ke karɓar akala yanzu, duk baƙon abin da aka ɗora muku, ku tambayi mene ne, ku gaya wa na kusa da ku, kuma in ɓarna ta fito daga ayarinku kada ku bar wa na baya. Idan hanya ta biyo da ku Belbeji daga arewa, ku ratse gindin aduwar nan ku gaishe shi. Ba zai ba ku labarin nan ba. Zai aje basilla ya tambaye ku ko kun biyo ta Ruwan Tsaga, sannan ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ana sha?"

Ku ce masa ana sha.