Zaren Tagullar da Ya Ƙone Mana Injin Niƙa

A shekarar da aka fara kafa turakun lantarki a birnin Sakkwato, Turawa na nan ba su tafi ba, ni ne mai kula da injin niƙan wani attajirin hatsi kusa da Hubbare. Ban iya karatu ba a lokacin, sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Mai haɗa wuta ya nuna mini wani ɗan akwatin tangaran a bango, mai siririn zaren ƙarfe a ciki, ya ce sunansa fis. Ya ce an yi shi ne don ya tsinke da wuri idan wuta ta yi yawa, tun kafin babban makashin wutar da ke tsaron unguwa ya motsa. Na gyaɗa kai, amma a raina na ɗauke shi kamar igiyar guga, in ta cika tsinkewa sai a sa mai kauri.

Ranar jajibirin Sallah mata suka cika ƙofa da ƙoren gero, fis kuwa sai tsinkewa yake yi. Wata tsohuwa ta ce ko da dutsen niƙanta da tuni ta gama, sauran suka kwashe da dariya. Kunya ta kama ni. Na je wurin wani maƙeri na karɓo tagulla mai kaurin tsinken tsintsiya, na ɗaura. Inji ya tashi, har suna sa mini albarka. Ashe tsakuwa ce ta maƙale a cikinsa, shi ya sa fis ke tsinkewa. Ba a jima ba ya soma gurnani ya tsaya cik, na ji warin roba, wayar bango ta yi ja, tagullata kuwa ko gezau. Na yi ta ihu mata su fita. Na kai hannun dama in fizge tagullar, wuta ta yi jifa da ni. Kafin babban makashin ya yanke wutar unguwa duka, azarar rufi ta kama da wuta.

Maigidana bai zage ni ba. Ya tambaya ko an gaya mini amfanin zaren, na ce an gaya mini. Ya juya ya tafi, bai sake ba ni riƙon mabuɗi ba.

'Yan'uwa masu wuta a gida ko shago, idan fis ya tsinke yana faɗa muku akwai ɓarna ne, ku nemo ta. Kada ku sa wanda ya fi na asali kauri, ƙarami ne ya kamata ya riga babba mutuwa. Mun rasa inji ɗaya, ɗaki ɗaya, buhun gero shida, ƙoren mata tara, da yatsu biyu na hannuna na dama.